Ɗiyarki Ta Zo da Biro da Littafi: Ina Ɗalibi Ke Samo Bayani?

  

Zancenmu na yau ya taso ne daga saƙon wata baiwar Allah 'yar asalin Sunke, wadda yanzu take zaune a garin Anka. Ta ce ɗiyarta tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya, an ba ta furojet, wato binciken nan da ɗalibi ke rubutawa kafin a ba shi takardar kammala karatu. Batun da aka ba ta kuwa shi ne gubar dalma da ta yi ɓarna a yankinsu a shekarar 2010, lokacin ita yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba. Da ta dawo hutu sai ta ɗauko biro da littafi, ta zauna gaban mahaifiyarta tana jero tambayoyi. Ita kuwa ta ce mata, ni me na sani, ban yi boko ba, ko ƙofar gida ba na leƙawa, je ki duba cikin wayarki. To amma abin ya tsaya mata a rai. Shi ne ta aiko tana tambaya, wai shin ina ne ainihin inda ɗalibi ke samo bayani, kuma da gaske maganar mace irinta na da wani amfani a takardar makaranta?

Yaya, na gode da wannan tambaya. Kafin in amsa, bari in tuna mana yadda aka yi aka gano ita kanta gubar, don amsar tana cikin labarin.

A farkon 2010, tsakanin watan Fabrairu da Afrilu, ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, tare da jami'an lafiya na yankin, suna zagayen sa ido kan cutar sanƙarau kamar yadda aka saba idan bazara ta kama. Sai suka tarar yara ƙanana na rasuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyuka. Amai, ciwon ciki, ciwon kai, sai jijjiga, sai a ce yaro ya koma. Abin da ya fara zuwa ran kowa shi ne sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro, don su aka sani. Aka ba da magungunansu, shiru. Kun ga a nan, ilmin da ke cikin littafin likita shi kaɗai bai warware matsalar ba. Sai da aka lura da abin da ido ke gani a cikin gari: ana farfasa duwatsun zinare, ana niƙa su, ƙura ta game ko'ina. Aka ɗebi jinin yara takwas aka aika can Jamus aka auna. A ma'aunin likitoci na wancan lokaci, dalma ta kai 10 a jinin yaro abin damuwa ne, in ta kai 45 sai a fara ba da maganin fitar da ita. Su waɗannan yara an samu daga 168 har zuwa 370.

To, awon jini ya faɗi sunan cutar. Amma bai faɗi yara nawa suka tafi ba, bai faɗi ta ina gubar ke shiga cikinsu ba. Wannan sai da aka shiga gida-gida. A watan Mayu da Yuni na shekarar, ayarin ma'aikatan lafiya na Nijeriya da na cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, suka bi gidaje 119 a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani, suna tambayar iyaye. Daga nan aka gano cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka kuma gano wajen kashi biyu cikin uku na gidajen a tsakar gida ake sarrafa dutsen: a farfasa, a daka, a wanke, a shanya, a daidai wurin da yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Ku faɗa mini, wa ya san abin da ke faruwa a tsakar gida? Wa ya san da wane turmi aka daka dutse, ko shi ne dai na dakan gero? Wa ya san ranar da yaro ya fara ƙin nono? Waɗannan lambobi da yanzu ake karantawa da Turanci a jami'o'in duniya, asalinsu daga bakin iyaye suka fito, a zaune kan tabarma.

Har ma akwai abin da mutanen gari suka gani tun kafin kowa. Bayan komai ya bayyana ne suka riƙa cewa ai tun farkon shekara sun lura agwagi na ɓacewa, amma ba wanda ya ɗauki abin da wani muhimmanci. Bayani ne wannan, yana nan a ƙasa, ba a dai samu wanda ya tambaya ba. Daga baya masana suka zo da na'urar auna ƙasa, suka bi ɗaki-ɗaki, aka kankare gurɓatacciyar ƙasa aka zuba sabuwa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Duza da Sunke daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011. Bagega kuwa sai 2013.

Kin ji ke nan, Yaya. Likita da nasa, ɗakin awon jini da nasa, mai auna ƙasa da nasa, uwa da nata. Da an tsaya kan ɗaya, da ba a kai ga gaskiya ba. Shi ma binciken ɗalibi haka yake tafiya, sai dai nasa ƙarami ne. Abin da malamai ke kira majiya, wato inda aka samo magana, ba littafi kaɗai ba ne. Akwai wadda ta gani da idonta, akwai wanda ya rubuta bayan ya ji daga wadda ta gani. Ke kina cikin na farko, kuma a wurin masu bincike na farkon nan sun fi wuyar samu, musamman a ƙasarmu inda namiji baƙo iyakarsa zaure.

Wannan ba yau aka fara ba. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta riƙa zama da wata dattijuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, tana rubuta labarin rayuwarta. Mijin Baturiyar masani ne da ya zo nazarin zaman Hausawa, amma ba shi da hanyar shiga cikin gidan matan aure, matarsa ce ke iya shiga. Baba ba ta yi boko ba. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har gobe duk mai son sanin yadda matan Hausawa suka rayu kafin zuwan Turawa da bayansa sai ya bi ta kansa. Bambancin kawai, wancan karon baƙuwa ce daga wata uwa duniya ta zo da biro. Yau kuwa ɗiyarki ce ta cikinki.

Yanzu bari in juyo gare ku 'yan mata ɗalibai, don na san kuna nan gefe kuna saurare. Tambayar iyayenmu sai da dabara. Idan kika tari babbar mace kika ce mata 'ya'ya nawa kika haifa, nawa suka mutu, to kin rufe ƙofa da hannunki. Wata alkunya ba za ta bar ta ta ambaci ɗan fari ba, wata ba ta son a ƙidaya mata 'ya'ya, wata kuwa rayayyun kawai za ta lissafa miki, don tuna wanda ya koma fami ne ga tsohon miki. Ki fara da gaisuwa, ki faɗi ko ke ɗiyar wace ce, ki faɗi abin da ya kawo ki da abin da za a yi da maganar. A nemi izinin maigida tukuna, wannan ba sai na faɗa ba. Ki bar ta ta ba da labari yadda ya zo mata, ko da ta faro daga ranar da aka kawo ta gidan. In ta yi shiru, ke ma ki yi shiru. In ta ce ya isa, ya isa. Kuma kada ki ɗauki muryar kowa ko hotonsa a waya sai ya yarda, kada sunan kowa ya shiga takardarki. Ki ce wata uwa mai kimanin shekara kaza, a ƙauye kaza, shi ke nan. Su ma manyan masu bincike ba su buga sunayen mutanen da suka yi wa tambayoyi.

Sai maganar lokaci. Uwa ba za ta ce miki ranar kaza ga watan Maris ba. Cewa za ta yi bayan Maulidi da kamar mako biyu, ko ana tsakar zafi kafin ruwan farko, ko ina goyon wance. Kada ki raina wannan, kalanda ce mai kyau, aikinki ne ki juya ta. Misali, Maulidin 2010 ya faɗo ne a ƙarshen Fabrairu, azumi kuma ya kama a watan Agusta. In kin riƙe waɗannan biyu, za ki iya jera maganganun mata goma, ki ga wanne ya riga wanne. Kuma lallai su zama da yawa. Shekara goma sha biyar ba kwana biyu ba ne, ɗan Adam na mantuwa, wani lokaci abin da aka ji a bakin maƙwabciya yakan koma kamar da ido aka gani. Don haka ki riƙa tambaya a hankali: Inna, wannan ke kika gani ko faɗa miki aka yi? Wa ya faɗa miki? Mu da muka tashi muna jin malamai na cewa wane ya ji daga wane, wannan tambaya ba baƙuwarmu ba ce. Bayan iyaye mata, akwai ungozoma, akwai mai unguwa da liman da suka yi jana'iza, akwai maza da suka yi aikin haƙa da niƙa, waɗanda ƙaninki ko yayanki zai iya tambayo miki.

Daga baki sai takarda. A nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗewa, don za ki buɗe wannan jarida ki ga an ce mutum 163 suka rasu, 111 daga ciki yara, ki buɗe wancan rahoto ki ga an ce yara kimanin 400. Sai ki ce to wa ya yi ƙarya? Babu. Adadin farko hukumomi suka bayar a watan Yunin 2010, ana tsakiyar abin, kafin a kai ga sauran ƙauyuka. Na biyun ƙiyasi ne da aka yi bayan an faɗaɗa bincike. Kowanne gaskiya ne a ranarsa. Shi ya sa duk takardar da ta zo hannunki, kafin ki kwafi ko layi ɗaya, ki duba wa ya rubuta, yaushe, kuma shi a ina ya samo. Ki kuma tambayi kanki me ya sa ya rubuta. Rahoton likitoci zai fi ƙarfi kan jini da magani. Na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, wanda ya fito a 2012, an yi shi ne don a matsa wa gwamnati ta motsa. Sanarwar gwamnati kuma, kin san dai, abin da aka yi za ta fi faɗa, ba abin da aka bari ba. Duka za ki karanta, amma ki san kujerar da kowa ya zauna a kai ya yi magana.

Ina ake samun waɗannan takardu? Fara da laburaren makarantarku, ki nemi kundayen da 'yan ajin gaba suka rubuta. Ba don ki kwafe ba, don ki buɗe shafukan ƙarshe ki ga jerin littattafan da suka duba, su za su nuna miki hanya. In da hali, laburaren Jami'ar Tarayya ta Gusau ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sun fi faɗi. Sashen lafiya na ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Lafiya a Gusau su ma wurin zuwa ne, tun da a asibitocin Anka da Bukkuyum aka fara kwantar da yaran, kuma a 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha. Sai dai ba a shiga ofis hannu rabbana. Ki karɓi wasiƙar gabatarwa daga makaranta, kuma ki sani ba za a ba ki katin wani marar lafiya ba, adadi ne kawai za su iya ba ki in sun amince. Wadda kuma bincikenta ya koma baya zuwa tarihin haƙar zinare, tun da tun zamanin Turawa ake yin ta a wannan yanki, to ta tuna cewa sai 1996 aka yanke Zamfara daga Sakkwato. Duk abin da ya gabaci haka, da sunan Sakkwato za ta neme shi, ko a ma'ajiyar tarihi ta Waziri Junaidu a can Sakkwato, ko a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna.

To sai wayar nan da Yaya ta ce a je a duba. Ni ba na cikin masu zagin waya. Rahotannin da na ambata, da na Hukumar Lafiya ta Duniya, da tsofaffin labaran BBC da Aminiya da Daily Trust, da yawansu suna nan a intanet kyauta, yarinya na ɗakin mahaifiyarta za ta karanta abin da a da sai an yi tafiyar kwana biyu. Dabarar ita ce ta rubuta abin da take nema da Turanci da Hausa duka, ta kuma riƙa sauya rubutun sunaye, don wani zai rubuta dalma wani darma, wani Bukkuyum da k biyu wani da ɗaya. Amma intanet kasuwa ce, akwai mai gaskiya akwai mai algus. Saƙon murya da aka turo ta WhatsApp, ba sunan mai magana, ba rana, ba wuri, wannan ba majiya ba ce, ji-ta-ji-ta ce da ta samu waya. Haka manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, da za ki tambaya su ba ki amsa tsaf cikin daƙiƙa. Suna taimakawa wajen fahimtar kalma mai wuya, amma sukan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara waɗanda babu su a duniya, kuma su faɗa ba ko ɗar. Duk abin da suka ba ki, sai kin gan shi da idonki a asalin inda aka ce yake.

Ni kaina an taɓa yi mini wankin babban bargo kan irin wannan, lokacin ina jami'a ina rubuta nawa kundin a sashen koyon aikin jarida. Na samo wani adadi mai daɗi a wani shafi, na dasa shi a babi na biyu ina jin kaina. Malamin da ke duba aikina ya zagaye shi da jan biro, ya rubuta kalma uku a gefe: wa ya ce? Na koma nema, shafin ya ɓace, ban rubuta sunansa ba, ban rubuta rana ba. Mako biyu na yi ina yawo, ƙarshe dai cire sakin layin na yi gaba ɗaya, ina kuka ina gogewa. Tun daga ranar nake ajiye ɗan littafi daban. Duk maganar da na samu, nan take zan rubuta daga ina, shafi na nawa, wace rana, in hira ce da wa kuma a ina. Ku yi haka tun ranar farko. Ɗaukar maganar wani a manna a ce tawa ce kuwa, satar fasaha sunanta, tana iya jawo a soke aikin shekara guda. Biyan wani a shagon kwamfuta ya haɗa miki kundi ma duk kanwar ja ce, ranar kare aiki gaban malamai tambaya ɗaya za ta tona asiri.

Idan kuma abin da iyaye suka faɗa ya saɓa da abin da ke cikin takarda fa? Kada ki goge ɗaya don ɗaya. Ki rubuta duka biyun, ki ce rahoto kaza ya ce kaza, amma mata shida cikin goma da na zanta da su sun ce kaza, ga kuma abin da nake ganin ya kawo bambancin. Sau da yawa nan ne ainihin sabon abin da ɗalibi ke kawowa. Me ya faru da yaran da suka rayu, yaya karatunsu, yaya lafiyarsu yanzu da suka zama samari da 'yan mata? Shin an daina shigo da dutse cikin gida, ko talauci ya sa an koma? Waɗannan tambayoyi amsarsu na hannun iyayen da suka raini yaran.

Abu ɗaya zan roƙa, kada kundi ya sa a jefa yarinya cikin hatsari. Duk mun san halin da hanyoyin ƙauyukanmu suka shiga a shekarun nan. Mutane da dama daga ƙauyukan sun dawo cikin Anka da sauran manyan garuruwa, a neme su a nan, na nesa kuma a kira su ta waya, malamai na karɓar hirar waya in an rubuta ranar da aka yi ta. A nan ne ke uwa za ki yi abin da ba wanda zai iya. Ke kika san wace ce ta zauna a wane gida a shekarar, ke za ki aika a ce wa ƙawarki ɗiyata na nan zuwa, ki saki jiki da ita. In an hadu wurin suna ko biki, ke za ki gabatar da ita. Ki yi wa mahaifinta bayani ya sa albarka, ya taimaka da kuɗin data da na buga takarda. Sannan ki ɗauke mata wankin kwanoni na sa'a ɗaya ko biyu ta samu ta zauna ta rubuta.

Yaya mutuniyar Sunke, hutu bai ƙare ba tukuna. In an yi sallar isha'i yara sun kwanta, ki kira ta da littafinta, ki fara mata daga ranar da aka fara shigo da buhunan dutse cikin gidanku. Allah ya jiƙan yaran da suka riga mu, ya ba iyayensu haƙuri, ya ba ɗiyarki sa'a.